Yadda Za Ka Gano Matsalar Babur Roba-roba Ka Gyara Shi A Gida

Duk mai roba-roba a Kaduna ya san irin wannan safiyar. An kwana ana ruwa, ka fito da babur daga zaure za ka kai yara makaranta, ka danna sitata shiru, ka buga kiki har ƙafa ta gaji, ko tari bai yi ba. Daga nan sai turi zuwa wurin bakanike, kana gumi da sassafe. Na daɗe ina hawa mai 110cc tsakanin Rigasa da cikin gari, kuma abin da na gani shi ne yawancin irin wannan ƙin tashi ƙaramin abu ne da mutum zai iya ganowa a tsakar gidansa cikin minti ashirin. Inji abu uku yake nema kafin ya tashi: wuta, mai, da iska. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da wanda ba ya cin kuɗi, kuma kada ka kwance abu biyu a lokaci guda, don in ya tashi ka san wanne ne ya hana shi.

Roba-roba kashi biyu ne a wurinmu. Akwai mai sarƙa da giya, irin su Lifan da Jincheng da Haojue, akwai kuma mai bel wanda ba a sa masa giya, totur kawai ake murzawa. Inda suka bambanta zan faɗa.

Kayan aikin ba su da yawa: sufanar fulogi, sufana lamba 8, 10, 12, 14 da 17, sukundireba mai faffaɗan baki da mai baki huɗu, filaya, samfefa, tsohon buroshin haƙori, tsumma, da gorar ruwa fara wadda ake ganin cikinta. In ka shiga kasuwar Panteka za ka haɗa su a zagaye ɗaya. Ka yi aikin a fili, nesa da murhu, tukunyar gas da garwashi. Kada ka taɓa barin inji yana aiki a cikin ɗaki ko rufaffen zaure. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin salansa ba ta da wari, irin ta janareta ce.

Fara da abin da ido ke gani

Ka kafe babur a kan babbar ƙafarsa. Ka buɗe tanki ka girgiza ka ji ko da mai, domin allurar man waɗannan babura ba abin dogaro ba ce. Ka duba famfon mai in yana da shi, ko yana kan ON, wato a buɗe, ko RES, wato ragowar mai na ko-ta-kwana. In mai bel ne, ka tuna sitata ba ta juyawa sai ka matse birki.

Sai ka murɗa makulli ka danna hon. In ya yi ƙara sosai, batir lafiya. In ya yi wata siririyar murya, batir ya yi sanyi, kiki zai iya tayar da shi. In kuwa ba hon ba fitilar kan allo, ka buɗe wurin batir ka duba fiyus da ke kusa da jar waya. In ya ƙone ka sa mai lamba irin tasa, yawanci 10A ko 15A. Kada ka naɗa waya a madadinsa kamar yadda wasu ke yi. Fiyus ɗin ya ƙone ne don ya ceci sauran wayoyin, in ka cire wannan kariya su ne za su narke. Ka duba kawunan batir, in akwai farin gari ko kore a kansu ka kankare da samfefa ka ɗaure tamau.

Fulogi

Nan ne zan daɗe, domin fulogi kamar harshen majiyyaci yake: in ka iya kallonsa zai gaya maka abin da ke faruwa a cikin inji. Ka bari inji ya huce, ka zare hular roba, ka goge ƙurar da ke gefen ramin don kada ta faɗa ciki, sannan ka kwance shi.

In bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, kamar shayi da madara, inji na ƙona mai daidai. In baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, wato ko matatar iska ta toshe ko an bar cok, abin da ake ja don tayar da inji mai sanyi, a ja. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai na haurowa, wannan kuma maganar zoben fistin ce. In ya yi fari fat, mai bai isa ba, inji na ɗaukar zafi, kuma wannan ya fi baƙin haɗari. In kuwa ka same shi jiƙe sharkaf yana warin fetur, yawan buga kiki ne ya sa inji ya sha mai. Ka kashe makulli, ka mayar da cok, ka buɗe totur gaba ɗaya, ka buga kiki kamar sau goma fulogin yana waje, ka busar da shi.

Yanzu gwajin wuta. Ka mayar da fulogi cikin hularsa, ka riƙe ta wurin robar, ka jingina ƙarfen fulogin da jikin inji nesa da ramin, ka kunna makulli, wani ya buga maka kiki. Wuta shuɗiya mai ƙarfi kake so ka gani tana tsalle. In ja ce mai rauni, ko babu sam, ka gwada sabon fulogi. Yawancin masu 110cc suna amfani da irin C7HSA ne, kuma tazarar bakinsa tsakanin milimita 0.6 da 0.7. Ni kullum akwai sabo ɗaya a ƙarƙashin kujerata. In sabon ma bai ba da wuta ba, matsalar ta koma hular, kwayil, ko akwatin CDI, waɗanda su ne ke aiko wa fulogi wuta. Ka duba ko wata waya ta zare ko ruwa ya shiga mahaɗarta. Bayan ruwan dare, sau da yawa danshi ne kawai a cikin hular, tsumma busasshe ya isa.

Wurin mayarwa ka fara murza fulogi da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗan ƙara da sufana. Kan injin alminiyam ne, mai laushi. In ka tilasta shi a karkace ka cinye zaren, aikin minti biyar ya zama na kwance kan inji.

Mai

In wuta lafiya, sai mai. Ka zare tiyon da ya shiga kafireto ka sa bakinsa cikin gora. Ya kamata mai ya zubo sosai. A yawancin masu bel ba zai zubo ba sai ana juya inji, domin famfonsu da zuƙar inji yake buɗewa, don haka kada ka yanke masa hukunci da wuri. In yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ƙaramar matatar da ke kan tiyon ta cika da datti, a sauya ta, ba ta da tsada.

A ƙasan kafireto akwai wani ƙaramin sukuru na zubar da mai. Ka tara gorar, ka sassauta shi, ka bar abin da ke ciki ya sauko, ka ɗaga gorar ka kalla. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallayen gilashi. Na taɓa sayen lita ɗaya a galan a bakin hanya da dare, kafin in kai gida babur ya fara shiƙewa, da safe da na tara abin da ya fito kusan rabin cokali ruwa ne da jan ƙasa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawanmu lita ɗaya ko biyu muke sha, tanki kullum a ƙasa. Tankin da ba ya cika yana tara danshi ya yi tsatsa, kuma gindin tanki shi ne matattarar datti. In hali ya yi, a riƙa cika shi lokaci-lokaci, in kuma dole ta sa ka sayi na galan, ka tace da kyalle mai tsabta.

Akwai wata alama da ke ruɗa mutane: babur ya tashi lafiya, ka yi tafiya kamar daga Tudun Wada zuwa Kawo, ya mutu, ka jira kaɗan ya sake tashi. In haka ta faru ka buɗe murfin tanki nan take. In ka ji ya zuƙi iska, ƙaramar kafar numfashin murfin ce ta toshe, mai ya kasa sauka.

In babur ba ya tashi sai da cok, ko yana mutuwa da zarar ka saki totur, ƙaramin jet na silo, ɗan bututun cikin kafireto da ke ba inji mai in ba a murza totur ba, ya toshe. Wanda hannunsa ya saba zai iya sauke kwanon kafireto, ya kwance jet ɗin, ya wanke da fetur, ya hura har ya ga haske ta ramin. Kada a zura allura ko waya mai kauri, ramin zai faɗaɗa, babur ya koma shan mai har abada. Abin da nake roƙo shi ne a bar sukurun iska da ke gefen kafireto. Shi ne abu na farko da kowa ke kai wa hannu, kuma da wuya ya zama shi ne mai laifin. In dole sai ka cire shi, ka fara murza shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya tsaya, ka rubuta, don ka mayar da shi inda yake.

Iska

Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu na cika matatar iska cikin makonni kaɗan, balle ga mai bin layukan da ba kwalta. In ta soso ce, ka wanke da ruwan sabulu, ka matse ba tare da murɗawa ba, ta bushe sarai, ka ɗiga mata baƙin mai kaɗan ka murtsuke. In ta takarda ce ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi, in ta yi baƙi a sauya. Kada ka yarda da shawarar cire ta gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. Ƙurar da ta shige ciki ita ke cin fistin kamar samfefa.

In ruwa ya sha babur

A Agusta da Satumba wasu layuka kan zama rafi. In ka shiga ruwa ya kai wurin akwatin iska babur ya mutu, kada ka buga kiki, kada ka danna sitata. Ruwa ba ya matsuwa, in ya shiga kan fistin kuma ka tilasta, ƙarfen da ke riƙe da fistin na iya lanƙwashewa. Ka tura shi gefe, ka cire fulogi, ka buga kiki ruwan ya fito ta ramin, ka busar da matatar iska, ka zubar da man kafireto. Sai ka duba baƙin mai: in ya koma kalar koko, ruwa ya gauraya da shi, a juye shi kafin a tayar.

Juyen baƙin mai da sauran hidima

Waɗannan ƙananan injina ƙasa da lita ɗaya suke ɗauka, wajen 0.8, kuma iska ce kaɗai ke sanyaya su, shi ya sa man ke saurin gajiya. A ƙurarmu da zafin Maris da Afrilu, ni duk kilomita 1,000 nake juyewa. Ka ɗumama inji minti uku, ka kashe, ka tara kwano, ka kwance noti mai lamba 17 da ke ƙasa, ka bari ya tsiyaye. Ka mayar da notin da wasarsa, wato ɗan zoben ƙarfen da ke jikinsa, ka zuba sabo, ka auna da sandar murfin ba tare da ka murza ta ciki ba, babur yana tsaye daidai. Kada ka juye galan ɗin lita guda duka, yawan mai ma illa ne. Ka nemi na babur mai alamar 4T, 20W-50, a rufe da hatiminsa. Ga mai giya, wanda kulocinsa ke cikin mai, ka duba rubutun JASO MA a jikin galan, domin wasu mayukan mota na sa kuloci santsi. Mai bel kuma yana da wani man giya daban kusa da tayar baya, ɗan kaɗan ne, amma mutane na mantawa da shi har sai ya fara kuka. Tsohon man ka zuba a galan ka kai wa bakanike, kada ya bi kwata, ƙarshenta Kogin Kaduna ne.

Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. In za ka ja ta, ka sassauta notin tayar baya, ka ja ɓangarorin biyu daidai da juna bisa zanen da ke jiki, in ba haka ba taya za ta karkace. Ka shafa mata mai bayan kowane ruwan sama. Iskar taya ka sa mai faci ya auna da ma'auni, ba bugun yatsa ba. A mafi yawan masu 110cc wajen PSI 29 ne a gaba, 33 a baya, a kan ma'aunin, amma ka bi abin da aka rubuta a jikin naka. Birki kuma in notin gyaransa ya kai ƙarshen zare, takalmin ya cinye, ƙarin ɗauri ba zai yi magani ba.

In kana da mitar auna wutar lantarki, batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 inji a kashe, in an tayar an ɗan ba shi wuta ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, caji ne babu, sabon batir ma zai mutu cikin kwanaki.

Inda za ka tsaya

In kiki ya yi sako-sako ba ya turjiya ko kaɗan, ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi ba yankewa, ko kana jin bugun ƙarfe daga cikin inji, ka ajiye sufana. Saitin bawul, zoben fistin, kuloci da sauya bel suna son kayan aiki da hannun da ya saba. Amma yanzu ba za ka je ka ce “Malam, ya ƙi tashi” kawai ba. Za ka ce masa wuta na zuwa shuɗiya, mai na sauka, matatar iska sabuwa ce, kiki ne ya saki. Ka tsaya a wurin ya buɗe a gabanka, ka ga abin da ya lalace da idonka, in an sa sabo kuma ka karɓi tsohon ka tafi da shi.