Masu shirin fita SIWES, kar ku kai takarda ita kaɗai

'Yan uwa 'yan tsara birane, in za ku kai takardar neman gurbin SIWES, wato horon koyon aiki da ɗalibai ke fita, ku haɗa ta da taswirar unguwarku wadda kuka zana da kanku.

Ka sauke QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, kyauta ce. Ka jawo hoton tauraron ɗan adam na unguwarku, ka bi layi layi ka fitar da tituna, kwatoci, makaranta, masallaci, har inda ruwa ke kwanciya da damina. Sati biyu sun isa ko da yanzu ka fara koyo. Ka buga a babbar takarda A3, sunanka a ƙasa.

Dalili kuwa, hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna takardun ɗalibai ba sa yanke musu, kuma duk kusan iri ɗaya ne, amma da ogan sashe ya buɗe taka ya ga taswira ya san akwai aikin da zai iya miƙa maka. Ni wanda ya karɓi tawa ya fi minti goma yana bin kwatocin da biro yana min tambaya, washegari aka ce in fara zuwa. Wallahi fita fili da na dinga yi da su a wata shidan nan ta koya min abin da aji bai koya min ba.

Amma fa in ka makara gurbi ya cike, taswira ba za ta cece ka ba, ka kai da wuri. In kuma ɓangaren manufofin gwamnati kake nema, rubutun shafi ɗaya kan matsalar shara ko sufurin garinku ya fi taswira amfani.