Sana'ar wankin gida da injin feshin ruwa a Ohio: me za ka ci idan sanyi ya shigo?

Ɗan'uwa da ka sauka kwanan nan, in takardar izinin aikinka ta fito kuma kana sha'awar wankin bangon gidaje da dakalin ajiye mota, to ka sani sana'ar nan tana da damina da rani kamar noma. Nan Columbus, a jihar Ohio ta Amurka, daga Afrilu zuwa Oktoba waya ba ta yin shiru, amma da sanyi ya kai digiri 32 a ma'auninsu na Fahrenheit, wato sifili a namu na Celsius, ruwa ya daskare shikenan. Shekarata ta farko na bar injin a gareji da ruwa a cikinsa ban zuba maganin daskarewa ba, watan Maris ina kunnawa sai ga ruwa yana tsiyaya ta ƙasa, famfon ya tsage, wallahi da kuɗin haya na sayi wani.

Don haka tun yanzu ka fara tunanin noman raninka. Watan Nuwamba ganye yana cika indararon rufi, tsanin da kake da shi ya isa ka kwashe, kuma mutanen da ka wanke wa gida su ne dai kwastomominka, sun riga sun san fuskarka. Bayansa akwai kwasar dusar ƙanƙara, akwai ɗaura fitilun Kirsimeti wanda wasu 'yan'uwa ba sa yi, wannan kuma ya rage naka.

Amma ni a ganina abin da ke ɗaga sana'ar shi ne kwantiragi na wata-wata. Gidajen abinci, gidajen mai, masu manyan motoci, su ba ruwansu da lokaci, maiƙo kullum zuba yake. Ka bi Cleveland Avenue da Morse Road inda Somaliyawa suke da shaguna da gidajen abinci, ka shiga da sallama ka nemi mai wurin, ka ce bari ka wanke masa bakin ƙofa ya gani da idonsa, in siminti ya fito fes shi da kansa zai tambayi farashi. Sai dai maiƙo yana son injin ruwan zafi kuma yana da tsada, kada ka ci bashi a kansa sai ka riƙe kwantiragi biyu ko uku a hannu. Ruwan wankin nan mai sabulu da maiƙo kuma kada ka bari ya gangara kwatar titi, doka ta hana, tara ce.

Talla ba sai ka kashe kuɗi ba. Ka ɗau hoto kafin wanki da bayansa ka sa a Google da Nextdoor, manhajar da maƙwabtan unguwa ke hira a ciki, duk gidan da ka gama ka rataya takardarka a ƙofar maƙwabta, amma don Allah banda akwatin wasiƙa, na gidan waya ne kaɗai, dokar tarayya ce. Watan Fabrairu ka kira tsofaffin kwastomomi ɗaya bayan ɗaya ka yi musu ɗan ragi su kama rana tun kafin kakar ta buɗe.

Rajistar LLC, wato kamfanin da ke raba dukiyarka da ta sana'a, a Ohio dala 99 ce, lambar haraji ta EIN kyauta ce a shafin IRS, hukumar harajin tarayya, kada wani ya karɓi kuɗinka a kanta. Inshora kam kada ka taɓa gidan kowa sai da ita. Bangon roba da ke jikin yawancin gidajen nan ba ya son ƙarfi, ruwa ne a hankali da bilic, in ka matsa masa ruwa zai shige bayansa. Gidan da aka gina kafin 1978 kuma ka tambaya tukuna, tsohon fentinsa yana iya zama mai dalma, in ka ɓare shi ya zuba a tsakar gida mai yara ka jawo wa kanka babbar magana.