Darasi na Bakwai: Yadda Sabar Apache Ke Rarraba Aiki

Duk lokacin da kuka rubuta adireshin shafi a burauzar wayarku, buƙata ce kuke aikawa zuwa wata kwamfuta da ake kira sabar, ita kuwa tana sauraron baƙi ne a ƙofa mai lamba 80, ko 443 idan an rufa wa saƙon asiri a hanya. Cikin tsofaffin manhajojin da ke wannan aiki akwai Apache, wadda ta fito a 1995, kuma har yau kyauta ake samunta.

Gangar jikin Apache ba ta iya komai sosai ba. Yawancin aikin ƙananan sassa ne da ake jona mata, waɗanda ake kira modul. Wanda ake kira mod_ssl shi ke sirranta saƙo, mod_rewrite yana sauya adireshi kafin a nemo shafi, shi kuwa mod_auth_basic suna da kalmar sirri yake tambaya. A cikin httpd.conf, fayil ɗin da ake rubuta saitin Apache, kowane modul yana da layinsa mai farawa da LoadModule, kuma da zarar an sa alamar # a farkon layin, to sabar ba za ta ɗauko shi ba idan ta sake tashi.

Buƙata tana tafiya ne kamar takarda a ofis, daga wannan tebur zuwa wancan. Da farko a fassara adireshin a gano fayil ɗin da ake nufi, sannan a duba ko mai nema yana da izini, a tantance irin fayil ɗin. A kowane tebur ana kiran modul ɗin da suka yi rajista a wurin, wanda abin bai shafa ba sai ya ce DECLINED, wato "ba nawa ba ne", takarda ta wuce gaba.

Teburin da ya fi muhimmanci shi ne na mai bayar da amsa, wanda masu sana'ar ke kira handila. Idan ba a naɗa kowa ba, default-handler zai ɗauki fayil ɗin ya miƙa shi yadda yake, ba ragi ba ƙari. Amma idan aka rubuta AddHandler cgi-script .cgi, to duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .cgi za a kunna shi ne a matsayin manhaja, abin da ya fitar shi za a aika.

A nan ne sababbin shiga kan yi tuntuɓe. Mutum ya ɗora shafin PHP, wato shafin da aka rubuta da yaren manhaja mai wannan suna, alhali bai haɗa sashen da ke sarrafa shi ba, sai sabar ta miƙa wa baƙo rubutun manhajar tsirara, wani lokaci har da kalmar sirrin rumbun bayanai a ciki. Sabar ba ta yi kuskure ba, ba a gaya mata wanda zai karɓi aikin ba ne.

Aikin gwaji: a kwamfutar koyo, ku buɗe wurin rubuta umarni, ku rubuta apachectl -M domin ku ga modul ɗin da aka ɗauko, ku kwafe sunaye biyar a littafinku. Bayan kowane gyara a httpd.conf kuma ku rubuta apachectl configtest, kada ku sake tayar da sabar sai kun ga Syntax OK.