Kafin Ka Mayar da Tsohon Bene Ajin Koyon Zane a Legas

Idan an ba ka aron tsohon bene a tsibirin Ikko don koyar da zane, kada ka yi gaggawar kiran mai fenti. Ni da nake koyar da yaranmu na Obalende, da tsofaffin mutanen layin nake fara neman tarihin gida. Baba mai goro da ya tsufa a bakin ƙofar zai faɗa maka wanda ya zauna a sama da shekarar da aka sauya kwanon rufi. Sai dai hukuma takarda take ji, don haka ka bi sawun takardar filin a ofishin filaye na Alausa.

Daga nan sai ka karanta jikin ginin. Tagogi masu kan baka, furannin filasta a saman ƙofa, baranda ta ƙarfe mai lanƙwasa, duk hannun Aguda ne, 'yantattun bayin da suka dawo daga Burazil a ƙarni na 19. Kai ɗalibanka titin Kakawa su ga Water House na iyalan Da Rocha, su zarce titin Martins wurin masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, su dawo su kwatanta da naku. Kowa ya zana fuskar gidan da gawayi, a auna da tef, a ɗauki hoto kafin a taɓa ko ƙusa. Ilojo Bar, wani bene irin na Aguda da yake kusa da dandalin Tinubu a da, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma hakan bai hana a rushe shi a 2016 ba. Hotuna da zane ne suka rage.

Wajen gyara ake kashe gida. Magini zai ce maka, "Malam, a shafe da siminti a huta." Kada ka yarda. Bangon jan bulo da farar ƙasa numfashi yake yi. Siminti kuwa ya kan kulle danshi a ciki, damina biyu sai ka ga yaɓen yana ɓamɓarowa. A yi da farar ƙasa. Katakon bene kuma ka soka masa sukuddireba, in ta nutse, gara ta riga ka. Ka je Jaekel House, tsohon gida na 1898, a harabar jirgin ƙasa ta Ebute Metta ka ga yadda ƙungiyar Legacy mai kare tsofaffin gine-gine ta gyara shi ba tare da ta ɓata masa kama ba.

Yumɓu, bokitan ruwa da manyan tebura su zauna ƙasa. Sama ta masu fensir ce, tunda dogayen tagogin suna ba da haske ko an ɗauke wuta. Kananzir ɗin wanke buroshi, waje.

Gidajen nan yawanci na gado ne, magada kuma da yawa. Sa hannun mutum ɗaya a takardar aron ba ya isa, sai shugaban iyali da manyan gidan sun sa nasu a gaban lauya.