Yadda ake raba mutum da tsoron babur bayan haɗari

Na ga wannan kuskure har na gaji. Yaro ya faɗi da babur, karaya ta warke, amma da ya ji ƙarar inji sai gumi ya keto masa. Sai yayyensa su ce raki ne, su goya shi da yamma su nufi Kwangila a Zariya cikin tireloli, wai da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Haka muka yi wa ƙanena, ya ƙara wata huɗu bai ko kusanci babur ba.

Tsoro ba ya gogewa kamar rubutun allo. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗan sashe, amigdala, da ya riga ya ɗaure ƙarar babur da ciwo. Aikinka shi ne ɗora sabon karatu a kan tsohon, kuma sashen da ke bayan goshi ne ke riƙe sabon ya danne tsohon. Shi kuwa wannan sashe, da adiranalin, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgita, da danginsa sun yi ambaliya, aikinsa ja da baya yake. Wanda ya gigice ba ya ɗaukar karatu.

Don haka a fara da babur a kashe, a ƙofar gida, kuma da safe. Ni ban yarda da yamma ba. Sinadarin kotizol, da ke fitowa daga saman ƙoda, yana kai ƙololuwa kamar minti 30 bayan tashi daga barci, kuma yana rage ƙarfin tuno tsohon abu, yana taimaka wa sabo ya zauna. A 2014 an gwada irin wannan horo na fuskantar abin tsoro a Jamus da masu tsoron gizo-gizo, waɗanda aka yi wa da safe suka fi samun sauƙi.

Kafin mai tsoron ya hau, ka tambaye shi me yake jin zai faru. Ya faɗa da bakinsa.

Yanzu ga inda muka yi kuskure da ƙanena. Zuciya za ta yi ta bugawa, hannu na rawa, ya ce, "Yaya, don Allah bari in sauka." Tausayi ya kama ka, ka ce sauka. Kun rushe aikin ranar ke nan, domin abin da ƙwaƙwalwa ta rubuta shi ne saukar ce ta cece shi. Kada kuma ka danne shi ko ka yi masa tsawa, tsawa adiranalin take ƙarawa. Ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Ina nan, ƙara minti ɗaya." Idan bugun ya lafa, ka tambaye shi, abin da ka ce ya faru? Idan kuwa ya kai ba ya jin maganarka, matakin ya yi masa girma, gobe a tsaya gefen babur ɗin kawai.

Ban da goro, ban da kofi. Ƙwayar kwantar da hankali ta kemis ma a bar ta, don idan ita ta kwantar da shi, ita zai gode wa, ranar da babu ita tsoro ya dawo. Wannan matakin na babur a kashe ko ɗigon mai ba ya ci, da tsadar man nan a daɗe a kansa.

Daga nan a kunna, sai goyo cikin layi, sai ya tuƙa da kansa. A riƙa sauya wuri, yau Tudun Wada, gobe Samaru, PZ a ƙarshe, don tsoron da ya mutu a ƙofar gida yakan farfaɗo a sabon titi. Ya yi barci sosai bayan kowane zama. Idan mafarkin haɗarin ya wuce wata yana tashinsa, a kai shi asibitin koyarwa na Shika ya ga likitan ƙwaƙwalwa.