Yadda Ake Gyara Ruwan Tafki Don Sha a Kan Tsauni

Idan kun kai wa 'ya'yanku ziyara Amurka, suka ce sai an kwana a bakin tafki a tsaunukan Kolorado, kada ruwan ya ruɗe ku. Garau yake, amma yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa zawo.

1. Ku ɗebo inda ruwa ke gudana.
2. Ku tace da ƙyalle mai tsabta.
3. Ku ɗora a ƙaramin murhun gas. A wurin da tudunsa bai wuce mita 2,000 ba, tafasar minti 1 ta isa. Sama da mita 2,000 kuwa sai minti 3, domin can ruwa kan tafasa tun bai yi zafi sosai ba.
4. Ku rufe ya huce. Ni nakan zuba rabi da ɗuminsa a gora, in cusa cikin bargo. Sanyin asubar can ba wasa.