Man birkin babur: kurakuran da ake ta maimaitawa a garejin Zariya

Yawancin baburan da ke zirga-zirga tsakanin Samaru, PZ da Ƙofar Doka, irin Boxer ɗin 'yan acaba, birkinsu na waya ne da sanda, babu ruwansu da mai. Maganar nan ta masu birkin faifai ce, irin su Pulsar da Apache da manyan baburan da ake shigo da su na hannu, sai kuma Keke Napep, shi ma birkinsa da mai yake aiki.

A kan murfin kofin man da ke jikin hannun birki, kamfani ya riga ya rubuta abin da babur ɗin yake sha, wato ajin man birkin, galibi DOT 3 ko DOT 4. Goge ƙurar ka karanta kafin ka tafi shago. Rashin yin haka shi ne tushen sauran ɓarnar.

Babbar ɓarna ita ce zuba duk man da hannu ya kai gare shi. Mutum ya ga kofi ya yi ƙasa, sai ya ce wa yaron gareji ya ɗan tsiyaya masa baƙin mai, ko jan man giya na mota, wai ai duk mai mai ne. Ba haka ba ne, malam! DOT 3 da DOT 4 da sinadarin gilaikol ake yin su, robobin da ke cikin masta (famfon da hannun birki ke turawa) da kalifa (abin da ke matse faifan birki a jikin taya) kuma an yi su ne don su zauna cikin wannan sinadarin. Man da aka samo daga fetur, ko baƙin mai ne ko kananzir, kumbura su yake yi. Ranar farko birki zai kama lafiya, shi ya sa ake ruɗuwa. Bayan 'yan kwanaki robar masta ta kumbura ta toshe ƙaramin ramin da mai ke komawa kofi, birki ya riƙe taya ya ƙi saki, faifai ya ɗauki zafin da ba ka iya taɓawa. Ko kuma robar ta yi laushi ta yage, ka matsa hannu ya tafi har jikin kan babur babu komai. In hakan ta faru, canza mai kaɗai ba ya gyara. Sai an kwance masta da kalifa, an sake robobin gaba ɗaya har da tiyo, an wanke ƙarafan da sabon man birki. Kada a wanke su da fetur, komawa gidan jiya ke nan. Masu kaɗa omo da ruwa su ɗura kuwa, su sani ruwa a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsar da zai bari a fistin.

Kuskure na biyu ya fi kama masu ɗan kuɗi a aljihu. Sun ga DOT 5 a kanta, sun ɗauka tunda biyar ta fi huɗu, to ya fi kyau. DOT 5 dangi ne daban, da silikon ake yin sa, launinsa shuni-shuni, kuma ba ya gauraya da DOT 3 ko DOT 4. Ba ya shan ruwa, don haka duk danshin da ya shiga sai ya taru wuri guda a ƙasan kalifa, ya zauna yana cin ƙarfe. Yana riƙe kumfar iska, hannun birki ya yi taushi, kuma bai dace da babur mai ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an matsa birki) ba. Tsofaffin Harley-Davidson ne aka sani da shi, su ma daga baya kamfanin ya koma DOT 4. Wanda ke ƙara rikita mutane shi ne DOT 5.1, domin shi gilaikol ne, yana haɗuwa da 3 da 4. In murfinka bai ce DOT 5 ba, ka bar wa mai shago kayansa.

Tsakanin 3 da 4 bambancin jure zafi ne. A ƙa'ida sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Babur da aka ce DOT 3 zai karɓi DOT 4. Wanda aka ce DOT 4, kada ka sauko da shi 3 don rangwamen 'yan nairori.

Sai masu barin mai shekara da shekaru, sun ce ai bai ƙare ba. Man birki yana zuƙar danshi daga iska, ta murfi da ta jikin tiyo. Idan ruwan da ya sha ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 3 zai iya tafasa a digiri 140, DOT 4 a 155. Ka ɗauko kaya da fasinja a hanyar Kano cikin zafin Afrilu kana ta matsa birki, man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, birki ya ɓace a lokacin da ka fi buƙatarsa. Littattafan babura galibi shekara biyu suke cewa. Ni dai ina ganin wanda ke ratsa ruwan Agusta kullum, kuma ake feshe masa babur da injin wanki, gara ya canza duk shekara da zarar damina ta ɗauke. Sabon mai garau yake, da ɗan ruwan ɗorawa. In ka leƙa ka gan shi kamar shayi ba madara, ya gama aiki.

Kada ka sayi man da aka ɗura a gorar ruwa, ba ka san mene ne ba, ba ka san tun yaushe yake buɗe ba. Nemi ƙaramar kwalba mai hatimi, mil 250 ya ishi birkin gaba har da saura. Sauran kuma ba na ajiyar shekara ba ne.

Wajen canzawa ma ana kwafsawa. Ka juya kan babur har kofin ya daidaita, ka rufe tanki da tsumma domin man nan yana cin fenti. Zuƙe tsohon da sirinji, ka cika da sabo. Sa siririn tiyo mai nuna ciki a kan ɗan noti na fitar da iska da ke jikin kalifa, ɗaya bakin cikin kwalba. Matsa hannun birki ka riƙe, a sassauta notin kwatan juyi ɗaya da sifana, yawanci lamba 8, a ɗaure, sannan ka saki hannu. Wanda ya saki kafin a ɗaure ya zuƙo iska. A yi ta maimaitawa har mai ya fito garau ba kumfa, ana ƙara wa kofi kada ya ƙafe, in ya ƙafe an koma farko.

Cika kofi har baki ma kuskure ne, tsaya a layin sama, domin mai yana buƙatar wurin buɗewa idan ya yi zafi. Man da ke raguwa a hankali ba tare da yoyo ba kuwa, takalmin birki ne ya cinye, shi za ka duba kafin ka ƙara. In ka cika sannan aka sa sabon takalmi, fistin zai koma baya ya turo man sama. Robar da ke ƙarƙashin murfi a goge ta a mayar daidai, in ta tsage a sake ta. Digon da ya taɓa faifai ko takalmi kuma kada a bar shi: faifan a wanke shi tas, takalmin da ya jiƙa a jefar.